Sinadaran BMP: yadda jiki ke haɗe ƙashin da ya karye

Idan ƙashi ya karye, ba filasta ko ƙarfen da likita ya saka ne ke haɗe shi ba. Aikinsu shi ne riƙe ɓangarorin a mazauninsu. Jiki ne ke yin ɗorin da kansa, da taimakon wasu sinadaran furotin da masana ke kira BMP, waɗanda aka gano kimanin iri 20 daga cikinsu.

Da zarar an samu karaya, sinadaran kan janyo ƙwayoyin halitta daga ɓargo da kuma tantanin da ya lulluɓe ƙashi, su sa su rikiɗe zuwa masu gina guringuntsi, wanda daga bisani sabon ƙashi ke maye gurbinsa.

Likitan ƙashi ɗan Amurka, Marshall Urist, shi ya fara gano wannan aiki a 1965, lokacin da ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adinai a cikin tsokar zomaye, sai sabon ƙashi ya tsiro a wurin. A 1988 masana suka gano ƙwayoyin gadon da ke samar da sinadaran, abin da ya ba da damar sarrafa su a masana'anta.

Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da amfani da BMP-2 wajen haɗe ƙashin baya a 2002, sannan a 2004 ga karayar ƙwauri mai buɗaɗɗen rauni. Sai dai a 2008 ta yi gargaɗin cewa amfani da shi a ƙashin wuya na iya jawo kumburin da ke toshe numfashi. Maganin yana kuma da tsada ƙwarai.

A Najeriya, inda ake da cibiyoyin aikin ƙashi irin su Asibitin Cedarcrest da ke Gudu a Abuja da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, hanyar da aka fi sani idan karaya ta ƙi kamawa ita ce yanko ɗan ƙashi daga ƙugun majiyyaci a dasa a wurin, domin yana ɗauke da sinadaran.

BMP ba ya miƙe ƙashin da aka ɗora a karkace. Shan taba, ciwon sukari da shigar ƙwayoyin cuta cikin rauni suna jinkirta warkewa. Don haka karayar da ta shafe watanni tana ciwo ko motsi na buƙatar hoton ƙashi da duban likita.