FC United ta Manchester: Hargitsin 'yan kallo da kuskuren alƙalan wasa a ƙungiyar da magoya baya suka mallaka

FC United ta Manchester ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta ƙananan rukunonin Ingila, wadda magoya bayanta ne suka kafa ta, su ne suka mallake ta, kuma su ne ke zaɓen masu tafiyar da ita. Tarihinta na nuna abin da irin wannan mallaka ke iya gyarawa da abin da ya fi ƙarfinta. Ƙuri'ar mamba tana aiki a ɗakin taro, amma ba ta da tasiri a kan usur ɗin alƙalin wasa. Idan kuma 'yan kallo suka tayar da hankali, tarar da za a ci ƙungiyar daga aljihun su magoya bayan za ta fito.

Asalin ƙungiyar

A watan Mayun 2005 attajirin Amurka Malcolm Glazer ya karɓe ikon Manchester United a cinikin da ya kai kusan fam miliyan 790. Da bashi aka biya kaso mai yawa na kuɗin, aka kuma ɗora nauyin bashin a kan ƙungiyar. Wasu magoya baya, waɗanda dama suka daɗe suna kokawa da tsadar tikiti da sauya lokutan wasa don gidajen talabijin, suka ce tura ta kai bango. Suka kafa tasu ƙungiyar a wannan shekarar.

Ba su ne farau ba. A 2002 magoya bayan Wimbledon sun kafa AFC Wimbledon bayan an amince a mayar da tsohuwar ƙungiyarsu garin Milton Keynes, kuma a 2011 ta hau rukuni na huɗu, wato cikin ƙungiyoyin ƙwararru. A 2003 ma magoya bayan Exeter City sun karɓi ragamar ƙungiyarsu.

Tsarin FC United mai sauƙi ne. Kowane mamba yana da ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗin da ya bayar. Mambobi ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa. Ba a raba riba, kuma ba a sanya tallan kamfani a ƙirjin rigar 'yan wasa. Ƙungiyar ta fara ne daga rukuni na 10, ƙarƙashin koci Karl Marginson, tana aron filin Gigg Lane na garin Bury. Ta hau rukuni sau uku a jere, a 2006 da 2007 da 2008. Ta kai rukuni na 6 a 2015, ta koma na 7 a 2019.

Babban taro a ƙaramin fili

Matsalar farko da ƙungiyar ta ci karo da ita daga farin jininta ta fito. A rukuni na 10, wasan da ya tara 'yan ɗaruruwan mutane ya yi kasuwa. FC United kuwa dubbai ne ke bin ta. A watan Afrilun 2006, mutum 6,023 suka kalli wasanta da Great Harwood Town. Ƙungiyoyi da dama da za su karɓi baƙuncinta sai da suka nemi aron manyan filaye, domin nasu ba za su ɗauki jama'ar ba.

Filayen ƙananan rukunoni ba a gina su don irin wannan taro ba. Sau da yawa ƙarfe ɗaya ne, iya ƙugu, ke raba 'yan kallo da fili. Ba a ware magoya bayan gida da na baƙi. Masu kula da ƙofa da tsaro galibi 'yan aikin sa-kai ne. Mataimakin alƙalin wasa yana gudu a gefen layi, taku biyu ko uku daga mutanen da ke zaginsa. Dokar 1985 da ta hana shan barasa a inda ake hango fili tana aiki a rukunoni 5 na sama, amma a ƙasa da nan ana iya kallon wasa da kofi a hannu, kuma cinikin mashaya na daga cikin abin da ke riƙe ƙananan ƙungiyoyi. Kawo 'yan sanda cikin fili kuwa ba kyauta ba ne, ƙungiyar da ta gayyace su ita ke biya.

Wannan yanayin shi ne ya ja mutane da yawa zuwa ƙananan rukunoni: ana tsayuwa, ana waƙa, ana gaisawa da 'yan wasa bayan an tashi. Shi ne kuma ke sa ƙaramin saɓani ya zama hargitsi cikin 'yan mintoci, tun da babu abin da ke tsakanin mai fushi da wanda yake fushi da shi.

Daren Rochdale

Wasan da ya fi fito da sunan ƙungiyar ya haɗa matsalolin biyu a dare ɗaya. A ranar Juma'a 5 ga Nuwamban 2010, FC United ta rukuni na 7 ta ziyarci Rochdale ta rukuni na 3 a zagayen farko na gasar Kofin FA, a gaban mutum sama da 7,000, ana kuma nuna wasan kai tsaye a talabijin. Baƙin suka fara zura ƙwallo biyu, masu masaukin suka farke duka. A cikin mintocin da aka ƙara, ɗan wasan gaba Mike Norton ya fitar da ƙwallo daga hannun mai tsaron ragar Rochdale, Josh Lillis, ya jefa ta a raga. Alƙalin wasa ya amince da ƙwallon, aka tashi 3 da 2, magoya bayan FC United suka kwarara cikin fili.

Dokokin wasa sun ce matuƙar ƙwallo tana tsakanin hannuwan mai tsaron raga, ko tsakanin hannunsa da ƙasa, to tana ƙarƙashin ikonsa, kuma abokin hamayya ba shi da damar ƙwace ta. Saboda haka masu sharhi da dama suka ga bai kamata a ƙirga ƙwallon ba. Amma dokokin sun kuma ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Rochdale ta fita daga gasar. FC United ta je Brighton ta yi kunnen doki 1 da 1, sannan ta sha kashi 4 da nema a wasan da aka sake a Gigg Lane.

A wannan daren kuskuren alƙali ya yi wa ƙungiyar magoya bayan rana. Abin lura shi ne, da a kanta kuskuren ya faɗa, matsayinta ɗaya da na Rochdale: babu inda za ta kai kuka a sauya sakamako.

Su wane ne alƙalan ƙananan rukunoni?

A Ingila ana iya fara koyon alƙalancin wasa tun daga shekara 14. Hukumar FA ta tsara alƙalai mataki-mataki, ana hawa bisa jarabawa da gwajin ƙarfin jiki da rahoton masu sa ido. Waɗanda ke busa wasannin gasar Firimiya aikinsu ke nan, ƙarƙashin kamfanin PGMOL da aka kafa a 2001. Na ƙananan rukunoni kuwa suna da sana'o'insu na yau da kullum. Ana ba su kuɗin wasa da na mota ne kawai.

Kayan aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Gasar Firimiya ta fara amfani da na'urar tantance ko ƙwallo ta haye layin raga a 2013, ta kuma kawo VAR a kakar 2019 zuwa 2020. A rukuni na 7 babu ko ɗaya. Alƙali da mataimakansa biyu za su yanke hukuncin satar gida ko bugun fenareti da abin da idonsu ya gani sau ɗaya. Su kuwa 'yan kallo suna ɗaukar bidiyo da wayoyinsu, kafin dare kuskuren ya zaga shafukan sada zumunta.

Ƙungiyar da take ganin an zalunce ta tana da hanyoyi ƙalilan. Tana ba alƙali maki bayan wasa, kuma idan makin ya yi ƙasa sosai sai ta haɗa da bayani a rubuce. Tana iya ɗaukaka ƙara a kan jan katin da take ganin kuskure ne, a soke dakatarwar ɗan wasanta. Makin da ta rasa a teburi dai ya tafi.

Ga kuma wata ƙulliya. A wani bincike da BBC ta wallafa a watan Fabrairun 2023, alƙalan ƙananan wasanni sama da 900 ne suka ba da amsa. Kusan dukkansu sun ce an taɓa zaginsu, 293 kuma suka ce an taɓa kai musu hannu. Wanda aka ci wa mutunci a ƙarshen mako saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba yana iya ajiye usur. Duk gogaggen da ya tafi, sabon hannu ne zai maye gurbinsa, kurakurai su ƙaru, zagi ya ƙaru. Ta haka fushin 'yan kallo ke haifar da irin alƙalancin da suke kuka da shi.

Hukumar FA ta ɗauki matakai a kan wannan. Ta ƙaddamar da gangamin mutunta alƙalai a 2008. Daga kakar 2019 zuwa 2020, a rukuni na 9 zuwa ƙasa, ɗan wasan da ya yi wa alƙali gardama ana fitar da shi na minti 10. A 2023 aka fara gwajin maƙala wa alƙalai kyamara a ƙirji a wasu gasannin unguwanni, aka kuma kawo hukuncin zaftare maki ga ƙungiyoyin can ƙasa da ke maimaita cin zarafin alƙalai.

Abin da doka ta tanada

Dokokin Ingila a kan 'yan kallo daga masifu suka samo asali. A 1985 mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Beljiyam, aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila gasannin Turai na shekara 5. A 1989 turmutsitsin Hillsborough ya yi sanadin mutuwar mutum 97. A nan shingayen da aka kafa don tsare 'yan kallo ne suka hana su tsira, kuma binciken 2016 ya wanke magoya baya daga laifi. Bayan rahoton Mai Shari'a Taylor na 1990 aka cire shingayen. Maimakon ƙarfe sai aka kafa doka: ta 1991 ta mayar da shiga fili ba da izini ba, da jifa, da waƙoƙin batsa ko wariyar launin fata, laifuffukan da ake gurfanar da mutum a kansu a wasannin da dokar ta shafa. Kotu na iya haramta wa mai laifi zuwa kallo na shekara 3 zuwa 5, ko 6 zuwa 10 idan an ɗaure shi.

Lamarin ya sake tasowa a watan Mayun 2022, lokacin da wani da ya kutsa fili a gidan Nottingham Forest ya yi wa kyaftin ɗin Sheffield United, Billy Sharp, karo da kai. An ɗaure shi mako 24. A watan Yulin shekarar hukumomin ƙwallon ƙafa suka sanar cewa duk wanda ya shiga fili ko ya kunna tartsatsin wuta, ƙungiya za ta dakatar da shi kai tsaye.

Ban da hukuncin mutum ɗaya, ƙa'idojin FA suna ɗora wa ƙungiya alhakin halayen magoya bayanta, a gida ko a waje. A nan ne bambancin mallaka ke fitowa. Tarar da attajirin mai ƙungiya ba zai ji a jikinsa ba, a ƙungiya irin FC United kuɗin mambobi ne da cinikin ƙofa da gudummawar da aka tara don gyaran fili. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Wanda zai zartar da dakatarwar kuma ba baƙo ba ne: ɗan kwamiti ne da mambobi suka zaɓa, kuma yana iya kasancewa yana neman ƙuri'ar abokan wanda zai kora a zaɓe mai zuwa.

Idan masu ƙungiya suka yi wa kansu bore

Ba kowane tashin jijiyar wuya ne ke da nasaba da alƙali ba. FC United a kan ƙorafi aka gina ta, kuma al'adar ba ta bar ta ba. A watan Disamban 2007 magoya bayanta suka ƙaurace wa wasan da Curzon Ashton saboda an sauya lokacinsa don a nuna shi ta intanet. A Nuwamban 2015 suka nuna adawa da mayar da wasansu na Kofin FA da Chesterfield zuwa daren Litinin don talabijin.

A watan Mayun 2015 ƙungiyar ta buɗe filinta na kanta, Broadhurst Park, a unguwar Moston, mai ɗaukar mutum kusan 4,400. Ya ci sama da fam miliyan 6, kuma kusan miliyan 2 daga hannun jarin magoya baya suka fito. Shekarar da ta biyo baya ta zama mafi ɗaci a tarihinta. Ƙarin rabin fam da aka yi a kan farashin mujallar wasan buɗe filin da Benfica ya zama abin cece-kuce, domin wasu mambobi sun ɗauke shi a matsayin kauce wa aƙidar ƙungiyar. Saɓani a kan kuɗi da gaskiyar shugabanci ya yi tsanani, babban manaja Andy Walsh ya sauka a 2016, 'yan kwamiti da dama suka yi murabus, wasu magoya baya kuma suka shiga fili suna neman sauran su tafi. A ƙarshe da ƙuri'a aka warware rikicin, aka zaɓi sabon kwamiti.

Inda lamarin ya tsaya

Korar Bury daga gasar ƙwararru a watan Agustan 2019, ƙungiyar da FC United ta yi shekaru tana aron filinta, ta ƙara wa masu neman a ba magoya baya murya ƙarfi. Rahoton 'yar majalisa Tracey Crouch na Nuwamban 2021 ya kai ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido a kan kuɗi da masu mallakar ƙungiyoyi. Sai dai ikon hukumar ya tsaya a rukunoni 5 na sama, kuma alƙalancin wasa ba ya cikin huruminta.

A rukunonin da ke ƙasa da nan, tsaron fili da mutuncin alƙali suna hannun ƙungiyoyin da hukumar FA. Ga ƙungiyar da magoya baya suka mallaka, wannan na nufin mutanen da ke waƙa a bayan raga ranar Asabar su ne za su zauna a babban taron mambobi su amince da kasafin da za a biya masu tsaro, da tarar da aka ci su, da kuɗin alƙalin da suka yi wa ihu.