Gidajen Kiɗan Karmo Kafin Rusau

Jama'a, da gwamnati ta taso daga Ikko zuwa Abuja ran 12 ga Disamba 1991, yawancinmu ba mu sami wuri cikin gari ba, sai Karmo. Can kuwa mashaya ce dandali: rumfar kwano, benci, mai kukuma yana wasa leburori da direbobi. Mu dai ba ma shiga, addini ya hana. Amma a bakin ƙofa muke kasa goro da tsire, nan kuma baƙo ke cigiyar ɗan garinsu ya sami masauki.

Rusau na 2006 ya share wuraren. Makaɗa suka watse, mu ma haka, wasu Suleja, wasu Mararaba. Wanda ya tuna sunayensu ya kawo wa ƙungiya a rubuta. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.