Sunan da Ya Fi Karen Tsada

A da, aikin kare shi ne darajarsa: farauta, gadi ko tsaron garke. Abin ya fara sauyawa a Ingila a 1859, lokacin da aka yi gasar nuna karnuka a birnin Newcastle. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, ta buɗe kundin asali mai ɗauke da sunan uba da uwar kowane kare. Daga nan siffa da takarda suka sha gaban aiki.

Don a tsare siffa, sai aka dinga haɗa kare da danginsa na kusa, cututtukan gado suka taru. Karen Bulldog, da aka yi ta zaɓo wa ƙaton kai da gajeren hanci, yau numfashi na yi masa wuya, kuma mafi yawan 'ya'yansa sai da tiyata ake ciro su.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu manoman tsakiyar Amurka suka mayar da kwikwiyo amfanin gona. Sukan tsare karya a keji, ta yi ta haihuwa ba hutu, a kwashe 'ya'yan zuwa shaguna. A nan ba lafiyar uwa ake ƙirgawa ba, yawan kawuna ne.

Sai labarin Wally Conron, mai kula da kiwo a ƙungiyar karnukan ja-gorar makafi ta Ostireliya. Wata makauniya a Hawai ta nemi karen da zai ja mata gora, amma jikin mijinta ba ya shiri da gashin kare. A 1989 Conron ya haɗa Labrador da Poodle, aka haifi 'ya'ya uku. Ya aika gashinsu da yawunsu aka gwada, ɗaya tak ya dace, mai suna Sultan. Sauran biyun babu mai son riƙonsu, don ana ganin ruwa biyu ne. Da aka tallata su da sunan Labradoodle, sai masu nema suka yi cincirindo.

Mu lura: ko a hannun gwani, ɗaya cikin uku ne ya cika sharaɗin. 'Yan kasuwa suka ɗauki sunan, suka watsar da gwajin. A 2019 Conron ya shaida wa kafar ABC ta ƙasarsa cewa wannan haɗin shi ne babbar nadamar rayuwarsa, saboda yawan marasa lafiya da aka haifa da sunan.

Tarihin nan bai wanke mai takardar asali ba, bai kuma la'anci ruwa biyu ba. Abin da ya raba mai kiwon kirki da mai masana'antar kwikwiyo shi ne gwajin ƙugu da idon iyaye kafin barbara, hutar da uwa, da yarda a dawo masa da kare in riƙo ya gagara. Dokar Lucy, da ta fara aiki a Ingila a 2020, ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba.

Mu da muke ganin hoton kwikwiyo a waya mu tura kuɗi, kuɗinmu ne ke ciyar da kejin. Kafin mu tambayi sunan iri, mu ce a nuna mana uwar.