Fela Sowande da Shigar Ilmin Kiɗa Manyan Makarantun Nijeriya

Gabatarwa

A gargajiyance, kiɗa sana'a ce da ake gado, yaro ya tashi yana bin mahaifinsa ko maigidansa har hannunsa ya faɗa. Sai a ƙarni na ashirin ne kiɗa ya zama darasin da ake zama a aji a koya, a yi jarrabawa, a karɓi digiri. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hakan ta faru a Nijeriya ta hanyar duba rayuwar Fela Sowande, mutumin da ya haɗa kiɗan coci da kiɗan jaz da kuma nazarin kiɗan gargajiya.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Sowande a ƙasar Yarbawa a shekarar 1905, mahaifinsa kuwa limamin coci ne. Ya yi karatu a King's College ta Legas, ya kuma koyi kiɗan ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, a hannun Ekundayo Phillips, wanda ya yi nasa karatun a Kwalejin Kiɗa ta Trinity da ke Landan. A wancan zamani babu wata babbar makarantar kiɗa a ƙasar nan, duk mai son zurfafa ilmi dole ya ƙetare teku.

A shekarar 1934 Sowande ya tafi Landan. A can ya riƙa ciyar da kansa da kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago, har ya yi wasa tare da Fats Waller, ya kuma yi wa mawaƙiya Adelaide Hall kiɗa. Duk da haka bai saki karatu ba. A shekarar 1943 ya ci jarrabawa mafi girma ta Kwalejin Sarauta ta Makaɗan Ogan, ya kuma sami digirin kiɗa na Jami'ar Landan.

Abin da Ake Koyarwa

Irin karatun da ya yi yana da ginshiƙai uku. Na farko shi ne ƙa'idojin kiɗa: rubuta sauti a kan layuka biyar, da sanin waɗanne sautuka ne ke jituwa idan an buga su tare. Na biyu shi ne ƙwarewa a kan fiyano, kuma akan wajabta shi ko da ɗalibi mai busa ne ko mawaƙi. Dalili shi ne a jikin fiyano sautuka goma sha biyu suna jere a fili, bakwai farare biyar baƙaƙe, suna maimaita kansu, don haka ɗalibi yana ganin ƙa'ida da idonsa. Na uku shi ne goge hannu a kan abin kiɗa guda, tare da sanin yadda ake koya wa wani.

Jaz kuwa ya bambanta da wannan tsari, domin makaɗinsa yana ƙirƙirar sabon zubi ne nan take a kan ginshiƙin da aka shimfiɗa. Sowande ya riƙe hanyoyin biyu, ta takarda da ta kunne.

Dawowa Gida

A shekarar 1953 ya dawo ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, inda ya ba da ƙarfi ga ɗaukar kiɗan gargajiya da nazarinsa. Har zuwa lokacin matasa na ci gaba da tafiya Ingila. Fela Kuti ma Trinity ya shiga a shekarar 1958. Al'amarin ya sauya ne bayan buɗe Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a shekarar 1960. A shekarar 1961 jami'ar ta kafa sashen kiɗa, na farko a jami'o'in ƙasar, aka kuma sanya masa sunan Sowande.

To amma manhajar farko ta fi karkata ga tsarin Turai, kuma a nan matsala take. Sautukan fiyano a ƙayyade suke, ba su motsi. Kalangu kuwa, idan makaɗi ya matsa tsirkiyarsa, sauti na hawa da sauka yana bin karin harshe, abin da layuka biyar ba su iya kamawa gaba ɗaya. Sowande ya shafe ƙarshen rayuwarsa, a Jami'ar Ibadan da kuma jami'o'in Amurka, yana jaddada cewa a fahimci kiɗan Afirka ta mahangar masu shi. Ya rasu a jihar Ohio a shekarar 1987.

Kammalawa

Tarihin Sowande ya nuna cewa makaranta ta zo da abin da gado ba shi da shi, wato rubutu da adanawa da horar da malamai. Sai dai rubutu bai isa ya maye gurbin zama gaban gwani ba. Matuƙar ana son ɗalibin kiɗa ya san kalangu da algaita da kukuma kamar yadda ya san fiyano, wajibi ne a shigo da makaɗan gargajiya cikin aji a matsayin malamai tun suna raye.