Wata Shida da Kunun Gyaɗa: Lokacin Fara Ba Jariri Abinci a Yola da Jimeta

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida. Kafin nan wata huɗu zuwa shida take cewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jariran Nijeriya da ba su kai wata shida ba ake shayar da su haka, kuma kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne: wa'adin wata shida ya dace da Yola da Jimeta, amma ana saɓa masa ta fuska biyu, kuma ta biyun ba a cika maganarta ba.

Ta farko ita ce gaggawa. A Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, sai kaka ta ce yaro na jin ƙishi, a ɗura masa ruwa, wani lokacin har da dauri. Tausayi ne ya sa ta, ba shakka. Sai dai fiye da kashi 80 na nonon uwa ruwa ne, ruwan da ake saya wurin 'yan garuwa kuwa ba a san yadda aka ɗebo shi ba. Sakamakon shi ne gudawa, ga ɗan cikin ya cika da abin da ba ya gina jiki.

Ta biyu ita ce jinkiri da tsinkakken kunu. Wajen wata shida sinadarin ƙarfen da yaro ya zo duniya da shi yakan fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin. Idan koko aka ba shi, gasara da ruwa da sikari, zai ƙoshi ya yi barci, amma jininsa na raguwa, tsawonsa na tsayawa. Illar ba ta ƙarewa da yarinta. A ƙauyukan Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an ba wasu yara kunu mai gina jiki. Da aka bibiye su suna manya, mazan da suka sha shi kafin shekara biyu sun fi takwarorinsu samun lada a aiki da kashi 46, kamar yadda mujallar Lancet ta buga a 2008.

A nan Adamawa ke da abin da wasu ba su da shi: kunun gyaɗa, wanda kusan kowane gida ya iya damawa. Yana da maiƙo da sinadarin gina jiki, ya fi koko nesa ba kusa ba, musamman idan an kaurara shi aka haɗa da ƙwai, ko dakakken kifin Binuwai, ko kindirmo mai tsabta. Masu fargabar borin jini su duba binciken da aka yi a Landan, wanda ya fito a 2015: yaran da aka fara ba gyaɗa tun ba su cika shekara ba, borin gyaɗa ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80. Haɗarin da ya shafe mu daban ne. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda binciken 2002 a Benin da Togo ya danganta da tsumburewar yara. Tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa kafin niƙa wajibi ne.

Don haka ma'aikatan lafiya, daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama har ƙananan asibitocin unguwa, kada su tsaya ga faɗin wata shida ranar riga-kafi. Su nuna wa uwa kaurin da kunu ya kamata ya yi, su kuma gayyato kaka da maigida, domin kaka ce ke yanke shawara, maigida kuma shi ke cefane.