2.3 Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Hanyar Shiga Karatun Babban Digiri

A wannan fasali za a waiwayi ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, domin a ga irin matakan da mai nazarin adabi yake takawa kafin a kira shi masani. Shi dai malamin haifaffen garin Gusau ne, kuma a Jami'ar Bayero ta Kano ya yi manyan digirorinsa. Kundinsa na digiri na biyu, a shekarar 1983, a kan waƙoƙin noma na baka ya yi shi. A shekarar 1988 kuma ya kammala digiri na uku a kan waƙoƙin makaɗan fada. A lokacin Gusau da Tsafe da Bunguɗu duk suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

Abin lura a nan shi ne, ba a ɗakin karatu kaɗai irin wannan bincike yake yiwuwa ba. Dole mai bincike ya bi makaɗi har gida, ya ɗauki waƙa, ya zauna ya juye ta a takarda, sannan ya koma wajen 'yan amshi su warware masa kalmomin da suka shige masa duhu. Wani lokaci ma makaɗin ya riga ya kwanta dama. Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya kuma yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kiɗan taushi, ya rasu tun 1973. Saboda haka littafin da malamin ya rubuta a kansa ya zo ne bayan bakin mai waƙar ya rufe. Daga irin wannan gogewa aka sami Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, littafin da ɗalibai suke ɗora nazarinsu a kai.

Dangane da sharuɗɗan shiga kuwa, yawancin jami'o'in Nijeriya suna neman digiri na farko mai daraja ta biyu, da kiredit biyar a jarrabawar sakandare har da Ingilishi, da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako daga jami'ar da aka fito. Mai neman digiri na uku kuma sai ya gabatar da tsarin binciken da yake son yi. Sharuɗɗan suna da amfani, amma babu ko ɗaya a cikinsu da yake gwada kunnen ɗalibi a kan karin harshen Zamfarci, alhali da shi makaɗan suka yi waƙa.

An buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, karatu ya matso kusa da gida. Sai dai matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu ta sa zuwa wajen tsofaffin 'yan amshi ya zama kasada, su kuwa kullum raguwa suke yi.