Wasiƙa daga Lesta: karatun makoki ta bayan bango

Kwana biyu kun ji ni shiru, to ga dalili.

Matar maƙwabcina ce ta rasu a farkon hunturun nan. Dattijo ne Ba'indiye mai bin addinin Hindu, bango ɗaya ya raba mu a unguwar Belgrave da ke birnin Lesta. Wanda ya zauna Ingila ya san irin bangon nan, ko tari ka yi sai an ji. Kusan mako biyu, kullum da yamma sai murya ɗaya ta ja baiti, jama'a su amsa, a yi ta maimaitawa. Daren farko na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya kuma sai na tsinci kaina ina jiran lokacin.

Da na shiga yi masa gaisuwa na ce, "Baba, me kuke karantawa haka?" Ya ce sunansa Mahamirtunjaya, wato mai rinjayar mutuwa, kuma sau 108 ake yin sa, da carbi mai 'ya'ya 108. Wannan ya sa na shiga bincike.

Ashe baitin yana cikin Rigveda, kashi na 7, littafin da masana ke cewa an tsara shi a yankin Funjab fiye da shekara 3000 da suka wuce. Roƙo ne ga abin bautarsu Rudra, wanda daga baya aka fi sani da Shiba. Misalin da ke cikinsa ne ya tsaya mini a rai: mutum ya rabu da mutuwa kamar yadda gurji ke rabuwa da yaɗonsa in ya nuna, ba tare da an fizge shi ba. Manomi ne kaɗai zai yi wannan tunanin. Ƙarnuka masu yawa ba a rubuta shi ba, da ka ake ɗauka daga bakin malami. Don gudun kuskure, almajirai kan karanta kalmomin bibbiyu, su yi gaba, su dawo baya, har sai harafi ɗaya ba zai iya ɓacewa ba. A 2003 hukumar UNESCO ta sa wannan salon karatu cikin kayan gadon duniya.

Yoga ta shigo ne daga baya. Littafin Patanjali, wanda shi ne tushenta, ya yi umarni da maimaita kalmar Om tare da tunanin ma'anarta. Bayan Swami Vivekananda ya yi jawabi a Shikago a 1893, malaman yoga suka yi ta kwarara Turai da Amurka, wasunsu da wannan baiti a bakinsu. Yau Bature zai biya kuɗi ya shiga aji, ya zauna kan tabarmarsa, a koya masa shi a matsayin maganin baƙin ciki, awa ɗaya kowa ya kama gabansa.

Na maƙwabcina ba ta wannan hanya ya iso ba. Kakansa ya bar Gujarat zuwa Yuganda. A watan Agusta 1972 Idi Amin ya ba Indiyawa kwana 90 su bar ƙasar, wajen mutum dubu 28 suka nufo Ingila. Har talla hukumar birnin Lesta ta buga a jaridar Yuganda wai kada su zo, babu gidaje. Suka zo. Shago da gida duk an baro su a Kampala, abin da ke ka kuwa babu sojan da ya iya ƙwacewa. A wurinsu kuma karatun nan ba na mutum ɗaya ba ne, yana da kwanaki ƙidayayyu, yana da jama'a, a rana ta 12 ko 13 a yi abinci a rufe makoki.

Ni akidata daban, shi ma ya sani, bai ce in zauna ba. Amma ya tambaye ni mu kwana nawa muke zama. Na ce uku, wasu su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Ya ce to lokacin mahaifinka fa? Sai na rasa bakin magana. Ranar da Baba ya rasu a Zariya, kafin waya ta same ni har an dawo daga maƙabarta. Na yi alwala na yi masa addu'a ni kaɗai a ɗaki, washegari na kama bas ɗin ƙarfe shida na tafi aiki.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce da na ƙwanƙwasa bangon.